Tsallen Sama: Tambayoyin Da 'Yan Majalisa Suka Ishe Ni Da Su

Akwai wani shagon shayi a bayan Shari'a Mansur, nan Makka, inda muke zama bayan Isha'i. Talabijin ɗin da ke kafe a bango ƙwallo kawai ya sani: Ittihad, Ahli, Wahda, sai musu. Amma da zarar lokacin Olamfik ya zo aka hasko wani siriri yana tsallake sanda da baya, sai kowa ya juyo kaina, don an san na yi wannan tsallen a makaranta, kuma har yau ina tara yaran unguwa ranar Asabar da la'asar. Tambayoyin ba sa canzawa, masu yin su ne ke canzawa. Shi ya sa na tattara su wuri ɗaya.

Wai me ake ce wa wasan nan da Hausa?

Mu da muka yi karatu a nan mun saba da sunan Larabci, wasbul ali. Da Hausa ni tsallen sama nake cewa. Kada a haɗa shi da dogon tsalle, wanda ake zabura a dira cikin yashi a auna nisa, ko tsallen gora, wanda ake dogara doguwar gora a cilla kai sama. Namu ba gora, ba tudu, ba abin dogarawa. Kai ne da ƙafarka ɗaya. Abin da masu sharhi ke kira raƙam ƙiyasi kuwa, shi ne kafa tarihi.

Wa ke riƙe da tarihin duniya na maza?

Javier Sotomayor, mutumin Kyuba. Ya tsallake mita 2.45 a garin Salamanka na Sifaniya ranar 27 ga Yuli, 1993, wato cikin Safar na 1414. Yawancin samarin da ke yi mini tambayar ba a haife su ba a lokacin.

Lambar ba ta shiga kai sai an gani da ido. Sandar saman ragar ƙwallon ƙafa, wadda mai tsaron gida ke tsalle ya taɓo da hannu, tsayinta daga ƙasa mita 2.44 ne. Sotomayor ya wuce da dukkan jikinsa ta saman abin da ya ɗara ta da santimita ɗaya. Ranar da na faɗi haka a majalisa, wani dattijon tela da muke kira Baffa ya ce, "Kai ɗan nan, ji tsoron Allah." Bai tsaya nan ba, ya tashi ya ɗauko tef ɗinsa na awo. Muka hau kujera muka auna a bangon shagon, ya yi alama da allin ɗinki. Alamar ta wuce saman ƙofa da fiye da taki ɗaya. Baffa ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce a zuba masa wani shayin. Alamar tana nan har yau, mai shago ya hana a goge.

Kafin wannan ma tarihin nasa ne. Ya yi 2.43 a Salamanka a 1988, ya yi 2.44 a San Juan na Puerto Rico a 1989. Na cikin rufaffen zaure, 2.43 a Budapest a 1989, shi ma nasa ne. Olamfik biyu suka wuce shi, na 1984 da na 1988, saboda ƙasarsa ta ƙaurace musu. Sai a Basalona a 1992 ya ɗauki zinarensa.

Na mata fa?

Yaroslava Mahuchikh ta Yukren, mita 2.10, a birnin Faris ranar 7 ga Yuli, 2024, kuma a gwajin farko. Tarihin da ta karya na Stefka Kostadinova ce ta Bulgeriya, 2.09, wanda aka kafa a Rum ranar 30 ga Agusta, 1987. Shekara kusan 37 ana zuwa ana komawa a kan santimita ɗaya. Blanka Vlašić ta Kuroshiya ta kai 2.08 a 2009, ta yi ta ƙwanƙwasa ƙofar ba a buɗe mata ba.

Maƙwabtanmu da suka baro Khartum da Madani saboda yaƙi sun fi kowa fahimtar labarin yarinyar nan. A farkon 2022 ta baro garinsu Dnipro cikin ruwan bama-bamai, ta yi kwana uku a mota zuwa Belgrade, ta ci gasar duniya ta cikin zaure da 2.02. Wata ɗaya bayan ta kafa tarihi kuma ta ɗauki zinaren Olamfik a Faris ɗin. In kun lura, tsakanin tsalle da tsalle takan shige cikin jakar barci ta kwanta a gefen fili, don jiki kada ya huce.

Mace ta farko da ta tsallake mita 2 ita ce Rosemarie Ackermann ta Jamus ta Gabas, a 1977. Kafin ita akwai Iolanda Balaș ta Romaniya, wadda ta kafa tarihi sau 14, ta kai shi 1.91 a 1961, ta kuma yi shekara wajen goma ba wadda ta kayar da ita.

Yaya aka taso daga mita 2 har aka kai 2.45? Mutanen ne suka ƙara ƙarfi?

Wannan ce tambayar da na fi so. Ƙarfi ya ƙaru, horo ya inganta, ba musu. Amma in ka bi tarihin a hankali za ka ga abin da ya fi motsa sandar shi ne wurin da ake faɗawa.

Tarihin farko da hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta amince da shi na George Horine ne na Amurka, mita 2.00, a 1912. A zamanin nan cikin yashi ko garin katako ake dira. Wanda zai faɗa kan yashi daga sama da mita biyu dole ya yi tunanin saukowa tun kafin ya tashi. Shi ya sa salon farko almakashi ne: ka zo ta gefe, ka ɗaga ƙafa ɗaya ta wuce, ɗayar ta bi ta, ka sauka a tsaye. Horine ya kawo mirginawa ta gefe. Daga baya aka koma rub da ciki, mutum ya kwanta a kan sandar kamar mai hawan katanga, cikinsa na kallon ƙasa, ya dira da ƙafa da hannu. Har doka ce a da ba a yarda kai ya riga jiki tsallakawa ba. Da ita aka hana 'yar Amurka Babe Didrikson zinare a Olamfik na 1932.

Da rub da ciki Charles Dumas ya yi 2.15 a 1956. Da shi Valeriy Brumel na Tarayyar Sobiyet ya ɗaga tarihin har 2.28 a 1963, kafin haɗarin babur ya ragargaza masa ƙafa a 1965. A tsakani akwai wani ɗan wayo: Yuri Stepanov ya yi 2.16 a 1957 da takalmi mai kaurin tafi a ƙafar da yake tashi da ita. An bar masa tarihinsa, amma aka ƙayyade kaurin takalmi tun daga nan.

Sai a shekarun 1960 makarantun Amurka suka fara zuba soso a maimakon yashi. Wani ɗan sakandare a garin Medford na jihar Oregon, Dick Fosbury, rub da ciki ya gagare shi, sai ya koma almakashi yana ƙara kwantar da baya, yana ƙarawa, har ya wayi gari yana tsallakawa a rigingine, kai na gaba, ya faɗi kan kafaɗa. Da a kan yashi ne, da wuyansa bai kai shi jami'a ba. Wata yarinya a Kanada, Debbie Brill, ita ma ta gano salon da kanta ba tare da ta san shi ba, kuma ita ma a kan soso ta koya. Mutum biyu, ƙasa biyu, dabara ɗaya, a lokaci ɗaya. Ba haɗuwar jini ba ce, katifa ce ta zo.

Fosbury ya ci zinaren Olamfik a Meziko a 1968 da 2.24. Shekara huɗu bayan nan, a Munich, 28 daga cikin maza 40 a rigingine suka yi tsalle. Dwight Stones ya fara kafa tarihi da salon, 2.30, a 1973. Rub da ciki bai mutu ba sai da ya yi shure-shure: Vladimir Yashchenko ya yi 2.34 da shi a 1978. Daga nan sai rigingine zalla. Zhu Jianhua na Sin 2.39 a 1984, Rudolf Povarnitsyn ya fara taɓa 2.40 a 1985, Igor Paklin 2.41 a shekarar, Patrik Sjöberg na Suwidin 2.42 a 1987, sannan Sotomayor ya rufe ƙofa.

To Fosbury ya taɓa riƙe tarihin duniya?

Ko sau ɗaya. A ranar da ya ci zinare, tarihin Brumel ya fi tsallensa da santimita huɗu. Ya rasu a 2023, kuma duk wanda kuka gani a talabijin yau salonsa yake yi.

Me ya sa baya ya fi gaba? A ido kamar ya fi wuya.

Ka ɗauki igiyar guga ka jefa ta kan katanga. Wani sashe ya sauka can, wani yana nan, tsakiya ce kawai ke sama. Ba lokacin da dukkan igiyar take saman katangar. Haka mai rigingine yake: kansa da kafaɗunsa sun fara gangarawa ta can, ƙafafunsa na reto ta nan, ƙugu ne kaɗai a kan sanda. Da ƙugu ya wuce sai ya sunkuyar da haɓa zuwa ƙirji, ƙafafu su watso sama. Tsakiyar nauyin jiki, wadda take wajen cibiya in mutum na tsaye, ba sai ta yi nisa sama da sandar ba. In mutum ya lanƙwashe sosai tana iya bi daidai da sandar ko ma ta ƙarƙashinta. Mai almakashi kuwa dole ya ɗaga gangar jikinsa duka a zaune, asarar santimita masu yawa kenan.

Amma lanƙwasar nan da ke burge 'yan kallo ba ita ce tsallen ba. An gama tsallen tun a ƙasa. Mai tsalle yakan yi taku takwas zuwa goma sha biyu, ya fara a miƙe sannan ya yi kwana, jikinsa ya karkata nesa da sanda kamar mai babur a shataletale. A takun ƙarshe ya kafa ƙafa gaba kamar turke, gudun da ya kwaso ya juye ya zama tashi sama. Ƙafar ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa a ƙasa. Kwanar da ya yi ita ke juya masa baya ga sanda ba tare da ya nema ba. Yaran da nake koyarwa duk sun ƙagu su lanƙwashe, ni kuma wata biyu nake sa su suna gudu a kan da'irar da na zana da garin farar ƙasa, suna harara ta.

Kawu, Mutaz Barshim ɗan Sudan ne ko ɗan Katar?

Wannan musun ya taɓa hana mu tashi har ƙarfe ɗaya. An haife shi a Doha a 1991, Katar yake wakilta, amma asalin gidansu Sudan ne, kuma mahaifinsa ma ɗan wasan guje-guje ne. Don haka 'yan'uwanmu na Sudan da ke cewa "namu ne" ba su yi ƙarya ba. Ƙanensa Mish'al shi ne mai tsaron gidan Katar da suka ci kofin Asiya a farkon 2024. Gida ɗaya, wani na tsallake tsayin sandar raga, wani na tsare ƙarƙashinta.

Shi ne na biyu a tarihi: 2.43 a Brussels ranar 5 ga Satumba, 2014. Ya ci gasar duniya sau uku a jere, Landan 2017, Doha 2019, Eugene 2022. A Olamfik yana da lamba huɗu: azurfa a 2012 da 2016, zinare a Tokiyo, tagulla a Faris.

Wanda na fi tunawa na Doha ne. A 2018, a Hangari, ya sa an ɗora sanda a 2.46 don karya tarihin Sotomayor, jijiyar idon sawunsa ta tsinke a gwajin, aka yi masa aiki. Shekara guda bayan nan ya shigo filin Khalifa a gaban mutanen garinsu. Ya kayar da 2.33 sau biyu, saura gwaji ɗaya ya fita ba komai. Ya wuce. Daga nan ya haye 2.35 da 2.37 a gwajin farko. A shagon namu har kofi aka fasa.

Zinare biyu da aka raba a Tokiyo, ba maguɗi ba ne?

Ba maguɗi ba ne, doka ta tanadi haka. Ranar 1 ga Agusta, 2021, Barshim da Gianmarco Tamberi na Italiya kowa ya kai 2.37 ba tare da ya kayar da sanda ko sau ɗaya ba, kuma kowa ya kasa 2.39 sau uku. Maksim Nedasekau na Belarus ma ya yi 2.37, amma yana da kuskure a baya, sai ya tashi da tagulla. Alƙali ya zo yana yi musu bayanin tsallen raba gardama, Barshim ya tambaye shi ko za a iya ba su zinare biyu, aka ce ana iyawa. Suka kalli juna, shi kenan.

Akwai masu cewa gasa ba zumunci ba ce. Ina jin su. Amma mutanen nan sun shafe sama da awa biyu suna tsalle, raba gardama a wannan hali gwajin wanda ya fi gajiya ne, ba wanda ya fi iyawa ba. Kuma Tamberi ya san ciwon da Barshim ya sani: shi ma idon sawunsa ya lalace a Monako a 2016, saura makonni kaɗan a tafi Olamfik na Rio, har ya zo Tokiyo da filastar da aka ɗaure masa ƙafa da ita ya ajiye a gefen fili. A Faris a 2024 an sake yin kunnen doki, Hamish Kerr na New Zealand da Shelby McEwen na Amurka a 2.36, su kuma suka zaɓi raba gardama. Suka yi ta kayar da sanda ana sauke musu ita, har Kerr ya wuce 2.34. Ku kalli biyun ku yanke hukunci. Ni na Tokiyo ya fi kwanta mini.

Mene ne dokokin, a taƙaice?

Da ƙafa ɗaya ake tashi. Taɓa sanda ba laifi, kayar da ita ne laifi. Ka kasa sau uku a jere ka fita, ko da a tsayi daban-daban ne. Kana iya ƙin yin wani tsayi ka jira na gaba, kuma nan ne dabara take, don kowane tsalle ƙarfi yake ci. In an yi kunnen doki, sai a duba wa ya fi ƙarancin kuskure a tsayin ƙarshe da aka wuce, sannan a dukkan gasar. Sandar tsawonta mita 4, ba ta wuce kilo 2, kuma ɗora ta kawai ake yi a kan 'yan maƙallai, ko rigarka ta shafe ta tana iya faɗuwa.

Duk wanda ya tsallake 2.46 a ko'ina ya kafa tarihi kenan?

A'a. Sai a gasar da hukumar World Athletics ta san da ita, da alƙalai masu lasisi, a auna tsayin daga ƙasa zuwa tsakiyar sanda inda ta fi lotsawa, a sake aunawa in an taɓa ta, a duba takalmi, a ɗauki fitsarin mai tsallen nan take a gwada. Sannan takardu su tafi hedikwatar hukumar a Monako. Ba a auna iska a wannan wasan, saɓanin dogon tsalle da gudun mita 100. Bidiyon da ake turo muku a WhatsApp na wani yana tsallake mota, da ƙafa biyu yake tashi yana alkafura. Abin burgewa ne, amma wani wasan ne daban.

Ana cewa tsofaffin tarihin nan duk ƙwaya ce. Gaskiya ne?

A yi hattara da "duk". Abin da ya tabbata: a shekarun 1980 gwajin ba-zata a wajen gasa bai yi ƙarfi ba, kuma takardun Jamus ta Gabas sun nuna gwamnati da kanta ke ba 'yan wasa magani. Shi Sotomayor an same shi da hodar iblis a gasar nahiyar Amurka a Winnipeg a 1999, aka dakatar da shi shekara biyu, aka rage zuwa ɗaya, ya je Olamfik na Sidni a 2000 ya ci azurfa. A 2001 gwaji ya sake nuna wani maganin ƙara ƙarfi, ya yi ritaya. Ya musanta duka biyun. Tsallensa na 1993 kuwa ba a same shi da komai ba, shi ya sa yake nan a littafi. A 2017 hukumar guje-guje ta Turai ta kawo shawarar a share tarihin da aka kafa kafin 2005, ba a aiwatar ba.

Azurfar Barshim ta 2012 ma tagulla ce da farko. Sai bayan shekaru aka ƙwace zinaren Ivan Ukhov na Rasha, kowa ya matsa gaba.

Sai dogo ne ke iyawa?

Tsawo jari ne, manyan masu tsalle yawanci sun kai mita 1.90 ko sun wuce, kuma ba nama. Amma Stefan Holm na Suwidin tsawonsa 1.81, ya tsallake 2.40, santimita 59 sama da kansa, ya kuma ci zinaren Olamfik a Atan a 2004. Franklin Jacobs na Amurka 1.73 ne, ya yi 2.32. A ɗaya gefen akwai Donald Thomas na Bahamas, ɗan ƙwallon kwando da ya shigo wasan da rana tsaka, bai cika shekara biyu ba ya ci gasar duniya a Osaka a 2007 da 2.35. Holm, wanda tun yana yaro yake tsalle, a ranar ko tagulla bai samu ba.

Afirka fa, ba mu da kowa?

Tarihin Afirka duka biyu na Afirka ta Kudu ne: Jacques Freitag 2.38 a 2005, Hestrie Cloete 2.06 a 2003.

Najeriya ta taɓa yin suna. Emmanuel Ifeajuna ya ci zinare a gasar ƙasashen renon Ingila a Vancouver a 1954 da mita 2.03, baƙar fatar Afirka na farko da ya yi irin wannan nasara a babbar gasa, har aka riƙa buga hotonsa a bangon littattafan rubutu na 'yan makaranta. Dattawanmu sun san sunan ta wata hanyar: yana cikin manjojin juyin mulkin Janairun 1966 da aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa. An harbe shi a Inugu a 1967. In na ambace shi a majalisa sai wuri ya yi tsit, sai na wuce.

Akwai kuma wani tsohon hoto na 1907 daga Ruwanda, wani saurayi yana shawagi saman kawunan Turawa biyu. Tsallen gargajiya ne nasu, amma daga kan ɗan tudu ake tashi, don haka ba a lissafa shi.

Nan Saudiyya da Sudan, lambobin Olamfik na guje-guje a gudu suka zo: Hadi Su'an ya ci azurfa a tseren shinge na mita 400 a 2000, Isma'il Ahmad Isma'il ya ci wa Sudan azurfa a mita 800 a 2008. Dogaye kuwa muna da su cike da unguwa. Duk yaron da ya yi tsawo sai a ce ya je ya tsare baya a ƙwallo kamar su Usama Hausawi, ba mai tunanin sanda. Riyad za ta karɓi wasannin Asiya a 2034. Yaron da ke aji shida yau, lokacin ƙarfinsa kenan.

Akwai kuɗi a ciki?

Ga 'yan ƙalilan na sama. Wanda ya karya tarihi a gasar duniya ana ba shi dala 100,000, wato riyal 375,000. Wanda ya ci zinare a Faris hukumar ta ba shi dala 50,000. Ku kwatanta da albashin ɗan ƙwallo ɗaya a Hilal ko Nasr, za ku gane me ya sa yara ke bin ƙwallo.

Me ya hana a karya 2.45?

An kusa, a 2014. A New York cikin Yunin shekarar, Barshim da Bohdan Bondarenko na Yukren duka suka wuce 2.42 a gasa ɗaya, suka nemi 2.46. Derek Drouin na Kanada da Andriy Protsenko na Yukren su ma sun taɓa 2.40 a shekarar. Kowa ya ɗauka kwanan tarihin ya ƙare. Sai raunuka suka bi su ɗaya bayan ɗaya, domin nauyin da ke sauka kan idon sawu da gwiwa a takun ƙarshe ya ninka nauyin jiki sau da yawa. Yau ana cin zinare da 2.36, alhali tarihin Olamfik na Charles Austin tun 1996 yake 2.39.

A ganina, tun zuwan katifa da rigingine ba wani sabon abu da ya shigo wasan. Masu gudun dogon zango sun samu sabon takalmi, lokutansu suka zube. Mai tsallen sama bai samu komai ba, salon 1968 yake yi da ƙafar da Allah ya ba shi. Za a karya, Mahuchikh ta nuna tsohon tarihi ba aljani ba ne. Amma da santimita ɗaya za a karya, ba da biyar ba.

Yarona ya ga Barshim, yana ta tsalle a tsakar gida. In bar shi?

Hajiya, bar shi ya yi tsalle, amma kada ya yi rigingine a gida. Ina faɗa ne da shaida. Shekarun baya wasu yara uku a layinmu suka ja tsofaffin katifun da masu gidajen alhazai ke zubarwa bayan Hajji, suka jera biyu a wani fili, suka ɗaura igiyar shanya tsakanin turaku biyu. Igiyar da aka ɗaure ba ta faɗuwa kamar sanda, harɗe ƙafa take yi. Babbansu, ɗan shekara 13, ya tashi da baya, dugadugansa suka maƙale, katifun suka rabu, ya sauka a tsakiya da kafaɗa. Na same shi zaune a ƙasa ya riƙe hannu ɗaya da ɗayan, ko kuka ya kasa, ƙashin da ke tsakanin wuyansa da kafaɗarsa ya turo fata. Sati shida ya yi da hannu a rataye. Likita ya ce da ya ƙara karkata kaɗan, da wuya ne.

Katifar gasa tsawonta mita 6, faɗinta mita 4, kaurinta santimita 70, kuma a haɗe take da shimfiɗa ɗaya a sama don kada ta rabu. Katifar barci ba ta kai rabin rabin wannan ba. In ba ta, a koma almakashi: yashi mai laushi da aka tone, roba mai talewa a maimakon igiya, a sauka a kan ƙafa. Ba ɓata lokaci ba ne, manyan masu tsalle har yau da almakashi suke ɗumama jiki, don shi ke koya wa mutum tashi a miƙe. A fara daga tsayin gwiwarsa, a gano ƙafar da yake tashi da ita: mai tashi da hagu ta dama yake zuwa, mai tashi da dama ta hagu. 'Yan mata ma haka, tunda tun 2017 aka shigar da darasin motsa jiki a makarantunsu na gwamnati. In ya kai yana tsallake tsayin ƙirjinsa da almakashi ba wahala, ki sa babansa ya kai shi kulob ɗin da ke da sashen guje-guje, ya tambaya ko suna da katifar tsalle, kuma ya ce a nuna masa ita kafin ya sa hannu a takarda.